Maruƙan da Baffa Bai Shafa Ba

Ranar sadakar ukun Baffa saniya ta yi tari a bayan gidanmu.

Muna zaune a rumfar ƙofar gida bayan la'asar, tabarmi sun cika har bakin hanya. Liman ya ɗaga hannu ke nan za a shafa, sai muka ji shi daga wajen garke: tari busasshe, gajere, sau biyu, sannan shiru. Abokan aikina malaman makaranta da suka zo daga cikin Hadejia ko juyawa ba su yi ba. Amma tsofaffin da suka taso daga rugage, waɗanda suka yi kiwo da Baffa tun suna samari, na ga hannuwansu sun tsaya a sama. Wannan ya dubi wancan. Wani dattijo ya shafa a gurguje, ya jawo takalmansa, ya ce zai kama hanya kada kwalekwale ya tashi ya bar shi. Tuwon sadaka ma bai tsaya ci ba. Da zai tafi sai ya zaga ta doguwar hanya, ya ƙi ratsawa ta gefen shanunmu.

Kwana uku ke nan mutane suna zuwa, kowa da abin da yake faɗa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan kowa ya faɗa, kuma gaskiya ce. Wani tsohon dillali ya zauna ya ce kasuwar shanu ta yi maraici. Wata mata ta leƙo daga zaure tana share ido da bakin mayafi, ta ce bijimin da ke yi mata huɗa yau, yana ɗan maraƙi ta saye shi a hannun marigayi. Akwai kuma wani manomi daga ƙauyukan Miga, gajere mai faffaɗan kafaɗa, da ya iso ranar jana'iza wandonsa jiƙe har cinya saboda ruwan da ya ratso. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, shekara nawa ina zuwa kara cinikin shanu, ban taɓa jin an sayi ciwo a hannun tsohon nan ba. In Allah Ya yarda, ina sayar da tsohuwar shinkafata maraƙin gidanku zan saya." Na ce masa Allah Ya kai mu, idona yana kan tabarma.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baffa. Amma ba zan iya ba da labarinsa in tsallake nawa laifin ba, don a igiya ɗaya suke ɗaure.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya kai ni makaranta, kuma shi ne bai taɓa daina yi mini ba'a a kanta ba. Tun da na fara koyarwa ya daina kiran sunana, sai dai Malam, da wata irin murya da kai kanka ka san ba girmamawa ba ce. Kakanninmu makiyaya ne. Baffa ne ya zauna wuri ɗaya a bakin fadama, ya gina gida, ya kama sana'ar maruƙa. Yakan saye su ƙanana a Kafin Hausa ko Malam Madori, ya riƙe su wasu watanni da dusa da harawa da kanwa, sannan ya sayar wa manoma masu son shanun huɗa ko mata masu son turka. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa roƙo ba. Bai haifi namiji ba. 'Ya'yansa mata uku duk suna gidajen aurensu, kuma abin da ya bar musu da Inna, matarsa, shi ne garken nan da ke bayan gida.

Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Bai iya yabo ba. In ka yi daidai ya yi shiru, in ka yi kuskure ya tuna maka shekara goma. Ba ya cin abincin kasuwa, wai bai san hannun da ya dafa ba, sai ya wuni da goro ɗaya da ruwan gorarsa. Malafarsa ta kaba ta tsufa har gefenta ya zama gashi-gashi, Inna ta saya masa sabuwa, ya rataye ta a ɗaki ya ci gaba da tsohuwar.

Amma a kara, wato inda ake cinikin shanu, in ka ga Baffa ya tsaya gaban maraƙi sai ka tsaya kai ma. Ba ya fara tambayar kuɗi. Zai sa yatsa a bakin maraƙin ya ji ko har yanzu yana tsotso. Sai ya tattare rigarsa ya tsuguna, ko taɓo ne ko kashin shanu, ya bi ƙafafun nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya riƙe kowace gwiwa a tafin hannunsa kamar mai jin ko ruwan wanka ya yi zafi. Yana tsugune zai ɗaga kai ya dubi mai maraƙin ya ce, "Ina uwarsa?"

Tambayar nan ta kori mutane da yawa. Dalilinsa ya faɗa mini tun ina saurayi. Ciwon huhu in ya shiga garke, manyan shanu ne suke tari. Ɗan maraƙi sau da yawa ba ya tari. Gwiwarsa ce take kumbura ta yi zafi. In uwar ta mutu, mai garke ya san abin da ya shigo masa, sai ya kwashi maruƙan da ke tafiya da ƙafarsu ya kai kasuwa da araha kafin labari ya fita. "Kai kana jiran ka ji tari, Malam," in ji shi. "Kunne na masu allo ne. Wannan aikin na hannu ne."

Ko bayan ya shafa ya gamsu, baƙon maraƙi ba ya shiga garkenmu. Akwai wata tsamiya a hayin fadama, can yake ɗaure shi kwana arba'in, da kwanon shansa daban. Safe da yamma Baffa zai taka ya je ya dawo. Mutanen gari suna kiran wurin asibitin Baffa, suna dariya, shi kuwa ko a jikinsa.

Wannan hali ne ya haɗa shi faɗa da Kawu, ƙanin Inna, wanda shi ma dillalin shanu ne, mai bakin da zai sayar maka da akuya ka tafi kana tsammanin raƙumi ka saya. Wata shekara Kawu ya samo maruƙa shida masu kyawun gani, ya samu mai saye, har an fara tayawa. Mai sayen ya hango Baffa yana wucewa ya ce, "Dattijo, duba mini mana." Baffa ya tsuguna, ya shafa, ya miƙe ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Ni dai ba zan kai su gidana ba." Ya wuce abinsa. Cinikin ya watse, la'adar Kawu ta bi iska. Da yamma Kawu ya zo gida yana kumfar baki, wai suruki ya tozarta shi a gaban jama'a. Baffa yana yanka harawa, bai ɗago ba, ya ce, "Da ka tambaye ni a ɓoye, da a ɓoye zan faɗa maka." Sallah biyu Kawu bai taka gidanmu ba. Inna ta yi kukanta a madafa ta share.

Shi ne kuma mutumin da na gani da idona ya sayi maraƙi marar uwa da cikakken kuɗinsa. Wata tsohuwa ce ta kawo shi, 'yan kasuwa sun kewaye ta suna taya rabin abin da zai yi. Baffa ya shafa gwiwa, ya tambayi uwar. Tsohuwar ta ce taɓo ya riƙe ta a fadama ta karye, aka yanka. Ya dubi idonta, ya yarda. Ya biya abin da maraƙin ya cancanta, 'yan kasuwa suna hararar sa don ya ɓata musu farashi. Wata biyu yana ɗura masa kunu da madara da tsohuwar kwalba a ƙarƙashin tsamiyar nan, yana zaginsa da Fulatanci yana shafa masa wuya.

Bana ruwa ya zo mana da yawa. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin kogi, ruwan ya rasa inda zai bi sai gonaki. Ya ci shinkafa, ya ci gero, ya yanke hanya, sai da kwalekwale ake fita. Tsamiyar Baffa rassanta kawai ake hangowa. Shanunmu duka suka takure a ɗan filin da ke bayan gida, jiki da jiki. A cikin haka ƙafafun Baffa suka ƙi ɗaukarsa, ya kwanta. Makaranta tana hutu, sai na ce bari in riƙe masa kasuwa, ai shekara talatin ina bin sa a baya. Daga kan gadonsa ya dube ni ya ce, "Bi ka yi, Malam."

Kasuwar Kafin Hausa ranar nan ban taɓa ganin irinta ba. Mutanen ƙauyukan da ruwa ya ci sun kawo maruƙa har a cikin jirgi, kowa so yake ya rabu da su kafin su nutse ko yunwa ta kashe su. Maraƙin da a kwanakin lafiya zai kai dubu ɗari biyu, sai ka ji an sallama shi a ɗari da ashirin. Na hango wasu guda uku, farare, masu tsayin ƙafa. Na tsaya na saurara, babu tari. Na sa yatsa a bakinsu, suka tsotsa. Har tambayar na yi, da muryar Baffa ma: "Ina iyayensu?" Mai su ya dubi gefe ya ce ruwa ya ci. A irin wannan shekara waye zai musa?

Saura gwiwa. Ƙafafunsu laka ce tun daga kofato har ciki. Ni kuma farar shadda ce a jikina, wankin guga, don na zo kasuwa a matsayin wakilin gida. Na dubi taɓon da ke ƙasa, na dubi rigata. Ban tsuguna ba. Wannan ne duk abin da ya faru, kuma na fi son a ce wani babban dalili ne da ni.

Na kawo su gida ina jin kaina. Tsamiya tana cikin ruwa, babu wani busasshen wuri, sai na ɗaure su a dangwali, doguwar igiyar da ake jera maruƙa, kusa da namu guda biyar.

Da safe na shiga gaishe shi. Kafin in zauna ya ce, "Muryar baƙo nake ji."

"Na samo uku ne, Baffa. Da araha."

"Araha." Ya juya kalmar a bakinsa. "Ka shafa gwiwa?"

"Na shafa."

"Ina ka ɗaure su?"

"Can gefe, wajen rumbu."

Ya ce in jawo masa ɗaya bakin ƙofa ya gani. Na ce ƙasa da santsi, gobe. Gobe ta yi na ce jibi. A rana ta biyar ruwan sama ya wanke musu ƙafafu, na faki idon mutane na tsuguna. Gwiwar na tsakiyan ta cika mini hannu, da zafi kamar an ajiye ta a rana. Na janye su na kai bayan rumbu, amma bayan rumbun taku goma ne daga garke, kuma sun riga sun kwana huɗu hanci da hanci da namu. Tsoro ya kama ni, irin wanda ke sa babban mutum ya riƙa gaisuwa daga bakin ƙofa yana cewa sauri yake yi.

Baffa ya daina tambaya. Wannan ya fi tambayar tayar mini da hankali. Ranar da zai cika, da hantsi, ya sa aka kira ni. Ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi, sai ya kama wuyan hannuna ya riƙe a tafinsa, yana ɗan matsawa, yadda na sha ganin yana yi a kara. Ya daɗe a haka. Sannan ya saki ya ce, "Allah Ya kyauta." Kafin azahar ya rasu.

To, ga inda tarin ranar sadakar uku ya same ni. Kafin sadakar bakwai, biyu daga cikin baƙin maruƙan sun mutu, na ja su na binne a bakin ruwa. Shanu biyu manya suna tsayuwa da wuya a miƙe, suna nishi.

Washegarin bakwai Kawu ya ja ni bayan zaure. Ya tsufa shi ma, kuma ya yi kukan Baffa da gaske, na gani.

"Ɗana, ni ba yaro ba ne, na ji abin da kowa ya ji," in ji shi. "Amma bai kai Malam Madori ba tukuna. Maruƙan nan biyar na gida sumul suke. Jibi kasuwa. A can ruwa bai ci su ba, manoma na neman na turka, kowanne zai haura ɗari biyu. Mu fitar da su, manyan kuma in nemo mahauta."

"Kawu, sun kwana da masu ciwon."

"Ka ga sun yi tari? To! 'Yar'uwata me za ta ci? Takaba take, ba gona, ba gero. Kai ka jawo, kai za ka tsaya kana wa'azi?"

Gaskiya ya faɗa. Na amince. Ranar kasuwa da sassafe na shiga na gaya wa Inna za mu kai maruƙa. Tana zaune a kan tabarmar takaba da carbi. Ta nuna ƙusar da ke bango ta ce, "Rana za ta yi zafi. Ɗauki malafarsa."

Da jirgi muka tsallaka, muka samu mota a tudu. Muna shiga kara na gane abin da malafar nan take yi. Mutanen da ban sani ba suna tasowa suna yi mini gaisuwa, suna cewa ga na gidan marigayi. Kafin mu gama ɗaure maruƙan a turke an kewaye mu. Cikin masu kewayen har da manomin nan na Miga, fuskarsa a washe.

"Na sayar da shinkafar, Malam! Na ce yau sai na gidanku." Ya nuna jar maraƙar da ke ƙarshe, wadda saniyarmu Uwar Garke ta haifa, saniyar da jininta ya taso tun daga shanun kakanmu. Kawu ya faɗi kuɗi, mutumin ya taya, Kawu ya ce albarka, ya ƙara. Ba a ja da nisa ba ya kai ɗari biyu da talatin. Yana ta ba ni labari: yana da shanun huɗa biyu, matarsa tana da saniya ɗaya mai ciki, wannan za ta zama ta huɗu, tare zai haɗa su.

Na ce, "Duba ta mana tukuna."

Ya yi dariya. "Haba Malam! In duba maraƙin gidan tsohon nan? Ai hannunsa ya riga ya duba mini."

Kawu ya kamo hannuna ya kamo nasa zai haɗa, yana cewa, "A sallama, Allah Ya sa albarka." Ban san lokacin da na zare hannuna ba. Na tsuguna a cikin taɓon nan da kashin shanu, na kama ƙafar gaba ta dama. Lafiya. Ta hagu, lafiya. Ta baya ta dama na riƙe, na ƙara riƙewa. Kumburin kaɗan ne, ido ba zai gani ba, amma zafin yana nan.

Ina tsugune na ce, "Ba na sayarwa ba ne. Akwai huhu a garkenmu."

Na ɗauka a hankali na faɗa, ashe an ji. Nan take kowa ya ruga yana kwance dabbarsa daga turakun da ke kusa da mu. Wani ya zage ni, kuma ya yi daidai, don rabin safiya maruƙanmu suka yi suna numfashi a tsakiyar kara. Har yau ban san ko wani ya tafi gida da abin da na kawo ba. Shugaban kara ya ce mu kwashe su mu fita. Manomin Miga ya tsaya da kuɗinsa a hannu, yana kallona kamar bai gane yaren da na yi ba, sannan ya mayar da su aljihu a hankali ya ce, "Allah Ya jiƙan tsoho." Sai a cikin jirgi Kawu ya dube ni. Ya ce, "Ka kashe 'yar'uwata da ranta." Tun ranar bai sake zuwa ba.

Malamin dabbobi ya zo ya yi allura, ya ce a raba masu tari da marasa tari, sauran kuma a jira. Jiran muke yi. Shida sun tafi. Ruwa ya janye, tsamiya ta fito da laka har wuyanta, yanzu da ba ta da amfani. Babu mai sayen nonon gidanmu, babu makiyayin da ke biyowa ta burtalinmu. Da yamma in shanu sun kwanta, nakan tsaya a bakin shinge ina saurare, ni mai kunne.

Gobe arba'in. Yau da safe na iske Inna a garke tana tatsar Uwar Garke, ita kaɗai ce ba ta nuna komai ba har yanzu, kuma nononta muke sha. Na tsaya a bayanta na ce, "Inna, akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da na sayo su, ban shafa ba. Ƙarya na yi masa."

Ba ta daina tatsa ba. Ta ce, "Ya sani. Tun ranar da na ga ɗayan yana ɗingishi na gaya masa. Ya ce garke kam ya riga ya tafi, saura kada ya bi ta kara ya shiga gidajen mutane."

"Me ya hana ya yi mini magana?"

"Cewa ya yi duk ranar da za ka kai su kasuwa, in ba ka malafarsa."

Allah Ka jiƙan Baffa, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe masa kaifin harshensa, Ka kuma yafe wa wanda ya yi masa ƙarya a kan gadon ajalinsa. Abin da nake faɗa ke nan a zuciyata, ƙwarya ta kusa cika, sai Uwar Garke ta miƙe wuya ta yi tari, busasshe, sau biyu. Inna ta tsaya. Ta jingina goshinta a jikin saniyar na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da tatsa.